Mai Hoto da Kwamfutarsa

Kowa ya san Kaduna ya san kogin da ya raba ta biyu. In mutum ya ƙetare gada ya yi kudu, ya doshi Kakuri inda masaƙu suke, can kusa zai tarad da unguwar Nasarawa. Unguwar nan masaƙu ne suka raya ta. A shekarar 1957, zamanin da Sardauna Ahmadu Bello yake Firimiyan Jihar Arewa, aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wadda ake kira KTL. Waɗansu masaƙun suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a can. Mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina neman aiki, wanda bai sami ɗaki a Kakuri ko Makera ba sai ya nufi Nasarawa. Duk inda kuwa ma'aikata suka taru mai hoto ba ya rasa abinci, gama wanda ya karɓi albashin farko ya ɗinka sabuwar riga, yana so iyayensa a ƙauye su ga yadda birni ya karɓe shi.

Yau yawancin masaƙun sun durƙushe, ita kanta KTL ta rufe ƙofa tun 2002, amma sana'ar hoto tana nan, sai dai ta sake kama. Da can fim ake sa wa kyamara, in ya cika a shiga ɗaki mai duhu a wanke shi da ruwan magani. Yanzu kyamara ta ɗauka ta ajiye cikin ɗan kati wanda bai fi kan sarki girma ba, a zare katin a sa a kwamfuta, a gyara, a buga. Saboda haka gardamar shagunan hoto ta koma ta kwamfuta. Wani ya ce in ana so aiki ya yi kyau sai a sake manhaja, wani ya ce a'a, kwamfutar za a sake. Domin mai karatu ya bi zancen, ga bambancinsu. Kwamfuta ita ce na'urar da ake gani a taɓa. Manhaja kuwa tsarin umurni ce da ake zubawa a cikinta, ita ke nuna mata yadda za ta ƙara wa hoto haske, ko ta yanke gefensa, ko ta share tabo.

Akwai wani mai hoto a unguwar, dattijo, ɗan ma'aikacin masaƙa, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin fim. Da zamani ya juya ya sayi kwamfuta ta gwanjo, ya zaunad da ɗan ƙanensa a gabanta, shi yana ɗauka yaron yana gyarawa. Abu uku suka dame su. Na farko, hoto ya yi kyau a kwamfuta, amma in an buga sai fuskoki su fito da duhu. Na biyu, kwamfutar ta yi nauyi, a danna mata abu sai an jira. Na uku, hotunan bikin dare sukan fito dishi-dishi, kamar an watsa musu yashi.

Ran nan dattijon ya kwashi adashi. Kuɗin nan kuwa tuni ya raba su a zuciyarsa, rabi na hayar shago, rabi na makarantar yara. Sai yaron ya ce, "Baba, duk wahalar nan tamu daga tsohuwar kwamfutar nan take. Masu shagunan cikin gari irin ta kamfanin Apple suke aiki da ita, shi ya sa manya ke zuwa wurinsu. In muka saya, wata uku mun mai da kuɗin." Wani maƙwabcinsu mai buga takardu ya ce kada su ɓata kuɗinsu, sabuwar manhaja kawai za su zuba, ta fito bana, ita da kanta take gyara kome. Dattijon ya saurare su duka, ya ce, "Ɗana, ba a cinikin biri a sama. Bari mu gwada tukuna."

Suka zuba hoto guda a filash, suka ƙetare kogi zuwa shagon wani abokinsa wajen titin Ahmadu Bello, mai sabuwar kwamfuta irin wadda yaron ke so. Yaron ya zauna ya yi wa hoton gyaran da ya yi masa a gida, da manhaja iri ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Sa'an nan suka kai duka biyu wuri guda aka buga. Dattijon ya juya takardun ya cuɗanya su, ya ce wa yaron ya zaɓi na sabuwar kwamfuta. Yaron ya duba, ya kai bakin ƙofa ya ƙara dubawa, ya rasa. Abin da kawai ya iya faɗa shi ne, can ya gama cikin ɗan lokaci, a gida kuwa sai da shayinsa ya huce.

Dalilin haka ba wuya gare shi ba, balle ga wanda ya san saƙa. In aka duba yadi da kyau za a ga zare ne na tsaye da na kwance suka haɗu, kowace mahaɗa da launinta. Hoton kwamfuta ma haka yake, ɗigo ne ƙanana jere da juna, kowane ɗigo kuwa lamba ce ke faɗin yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. Kyamarar farko irin wannan wani injiniya ne na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa ta a 1975. Ɗigo 10,000 kawai take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Kyamarar mai hoton biki a yau tana iya ɗaukar ɗigo miliyan 24, watau 6,000 a kwance, 4,000 a tsaye. To, gyaran hoto lissafi ne a kan lambobin nan. In an ce a ƙara haske, kwamfuta ƙara wa lambobin take yi. Bakwai a tara da biyar kuwa sha biyu ne, ko a wurin akawu mai sauri, ko a wurin mai nawa. Kwamfutar Apple da ta Windows, sabuwa da tsohuwa, muddin manhaja ɗaya ce kuma umurni ɗaya aka ba su, amsa ɗaya za su fitar.

Ashe abin da sabuwar kwamfuta ke sayar wa mutum lokaci ne. Lokaci kuwa ba abin rainawa ba ne, amma ya kamata a san inda yake zurarewa. A ɗauki kwamfuta kamar shagon tela. Ƙwaƙwalwarta ita ce telan, abin da masu gyara ke kira ram shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi, ma'adanarta kuwa ita ce akwatin da ake ajiye kayan mutane. Hoto mai ɗigo miliyan 24 in an buɗe shi yakan ci wajen mega 72 na teburin nan. Mai gyara kuma yakan yi aikinsa shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace cikakkiyar shimfiɗa tana neman kusan wannan filin. In teburin ya cika, sai telan ya riƙa tashi yana kai kaya akwati yana ɗaukowa, nan ne nawa take farawa. Kamfanin Adobe mai manhajar Photoshop ya ce a 'yan shekarun nan tana bukatar ram giga 8 a ƙalla, 16 ya fi. Kwamfutar dattijon 4 gare ta. Ma'adanarta kuma tsohon yayi ce, mai faifai da ke juyawa, alhali akwai sabuwa da ake kira SSD, wadda ba abin da ke motsi a cikinta, ta ninka waccan sauri. Waɗannan biyu a kwamfutoci da yawa ana iya sake su ba tare da an taɓa sauran jikin ba.

Akwai kuma wani ɓarawon lokaci da mutanen Kaduna suka sani sarai, watau ƙura. Kwamfuta tana da 'yar fanka a ciki mai fid da zafi. In hunturu ya wuce ƙura ta toshe mata hanya, ga bazara ta shigo da zafinta, sai ƙwaƙwalwar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mutum ya ce kwamfutarsa ta tsufa, alhali numfashi ne take nema. Mai gyara ya buɗe ya hure ta, sai ka ji kamar an sake ta.

Saura maganar fuskokin da ke fitowa da duhu. A nan kam akwai sashen kwamfuta guda da yake da hannu cikin kyan aiki, shi ne allon da ake kallo. Allo da hasken kansa yake nuna hoto, takarda kuwa ba ta da haske sai wanda rana ko fitila ta ara mata. Dattijon ya lura yaron ya ƙure hasken allo saboda shagon yana fuskantar titi. Saboda haka hoto mai duhu sai ya bayyana gare shi garau, ya bar shi haka, takarda kuwa ta tona asiri. Ban da haka, allon kwamfuta mai araha yakan sake launi in mutum ya ɗaga kai ko ya sunkuya, har riga ɗaya ta zama iri biyu tsakanin mai zaune da na tsaye. Mai gyara da irin wannan allon kamar mai awo ne da mudun da aka lotsa, kome gaskiyarsa awon ba zai cika ba. Maganinsa, a rage hasken allon, a juya shi daga ƙofa, a buga hoto ɗaya na gwaji a riƙe shi kusa da allon a daidaita har su yi kama. Wanda ya sami hali ya sayi allo dabam mai riƙe launi ya jona, kuɗinsa bai kai na sabuwar kwamfuta ba.

To, ita manhaja fa? Ba daidai ba ne a ce sabuwarta banza ce. Waɗansu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙago Photoshop, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. A 1994 aka sa mata aikin shimfiɗa bisa shimfiɗa, wanda ya ba mai gyara damar ya ɓata sama ba tare da ya taɓa ainihin hoton ba. A 2002 aka ƙara wani burushi mai share ƙurji ya bar fata da kamanninta. A 2010 ta koyi cire abu, kamar igiyar lantarki da ta gitta bayan ango, ta cike gurbin da abin da ke kewaye. A 2023 aka shigo da ƙirƙirarriyar basira, wadda ke rage yashin hoton dare, har ma a rubuta mata abin da ake so ta zana shi cikin hoton. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage wa masu sana'a wahala ƙwarai.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, aikin yau da kullum na shagon unguwa, watau daidaita haske da launi, da yanke hoton fasfo, da share bango ya zama fari, duk manhajar da aka yi shekara ashirin da suka wuce tana yinsa. Na biyu, kuɗi. Tun 2013 kamfanin ya daina sayar da sabuwar Photoshop a mallaka, sai haya, wata-wata ko shekara-shekara, farashin kuwa bisa kuɗin waje aka yanka shi. Daga watan Yuni na 2023, da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, hayar nan ta ƙara nauyi ga mai karɓar kuɗin fasfo. Wannan ya sa da yawa suke zuba ta sata, wadda aka fasa makullinta, ita kuwa sau da yawa da cuta take zuwa, ta lalata kwamfuta ko ta kulle hotunan mutane. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga shi kuwa akwai na kyauta na halal, kamar GIMP, wadda waɗansu ɗalibai biyu suka soma a Amurka a 1995, sabon zubinta na uku ya fito a 2025. Har wa yau, sabuwar manhaja don sabuwar na'ura aka yi ta. Wanda ya ɗora ta bisa tsohuwa ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, nawar da yake kuka da ita sai ta ƙaru.

Hotunan bikin dare su ne suka fi koya wa yaron hankali. Abokin nan na cikin gari ya sa ɗaya cikin sabuwar manhajarsa, yashin ya ragu ƙwarai, abin sha'awa. Amma hannun amarya da ya motsa sa'ad da aka ɗauka yana nan a shafe, farar rigar ango kuma da hasken fitilar kyamara ya ƙone ba ta dawo da aikin zarenta ba. Gama inda haske ya yi yawa har lamba ta kai ƙarshenta, ba abin da aka rubuta a wurin sai fari tas, abin da ba a rubuta ba kuwa ba mai karanta shi. Marini yana iya ƙara wa turmi baba, amma ba ya iya rina inda masaƙi bai sa zare ba.

Akwai dabara biyu a nan da ba sa cin ko kwabo. Kyamara tana ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG, tsarin da aka kafa a 1992, wanda ke matse hoto ya zubar da wani abu daga cikinsa don ya yi ƙanƙanta. A cikinsa kowane launi hawa 256 gare shi daga duhu zuwa haske, kuma duk sa'ad da aka gyara aka sake ajiyewa sai an ƙara yin hasara. Akwai kuma RAW, watau ɗanye, wanda ke riƙe hawa 4,096 ko ma 16,384. Daga ɗanyen nan ana iya ceto fuskar da ta nutse cikin inuwa, abin da ba shi yiwuwa sosai daga na farkon. Kyamarar dattijon ta daɗe tana da wannan, ba wanda ya taɓa kunnawa. Dabara ta biyu ta masu kawo hoto daga waya ce. In an turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, an rage masa ɗigo kafin ya iso. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 5 da 7 ke nan yana son ɗigo miliyan uku da 'yan kai, babban na bango kuwa ya ninka haka sau da yawa. Sai a roƙi mai shi ya turo a matsayin takarda, ko ya kawo wayar a ɗauka ta igiya.

Gaba da wannan duka akwai haske, wanda shi ne uban sana'ar. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin aikinsa a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zane a baya, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Ya rasu a 2001, a 2016 aka baje aikinsa a babban zauren Grand Palais na birnin Paris, mutane suna layi su kalli matan Bamako da adonsu. Bai taɓa gyara ko ɗaya da kwamfuta ba sa'ad da yake yinsu. Abin da ya sani shi ne inda zai tsai da mutum, da lokacin da rana ta yi laushi, da yadda zai sa a juya kafaɗa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, hoton da zai yi kyau kuma tun kafin a danna.

Maganar haske ta fi shafar baƙar fata, wannan kuwa yana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan aika wa masu wanke hoto wani kati da za su daidaita injinsu da shi, mai hoton wata Baturiya, ana kiransa katin Shirley. In fatar matar nan ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Saboda haka shekara da shekaru baƙin mutum yakan fito ba a ganin kome sai idanu da haƙora. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bayyana a 2009 cewa cikin abin da ya sa aka gyara fim har da kukan masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ce ba a bambanta launin hajarsu a hoto. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata uku masu launi dabam-dabam. A wannan fanni sabuwar manhaja ta yi abin kirki. Masu wayar Tecno sun daidaita kyamararsu don baƙar fata, Google ma ya yi irin wannan a wayarsa a 2021. Duk da haka, mai ɗaukar amarya baƙa cikin farin mayafi shi ne zai gaya wa kyamara fuska za ta bi, ba mayafi ba. Farin kwali da yaro zai riƙe a gefe ya maido haske bisa kumatu ya fi sa'a guda ana jan fata a kwamfuta.

Akwai wani abin da ya faru a shagon wanda ya sa dattijon ya ƙara yin tunani. Wata tsohuwa ta kawo hoton mijinta marigayi, ɗan ƙarami, na katin aikinsa na masaƙa, ya koɗe ya yi tsage-tsage. Shi kaɗai ya rage mata, tana so a girmama shi jikoki su san kakansu. Yaron ya sa shi cikin wata manhaja ta waya mai ƙirƙirarriyar basira, nan da nan ga fuska ta fito tangaran, har da ƙyallin ido. Da tsohuwar ta dawo ta karɓa ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Malam, wannan kam kyakkyawan mutum ne, amma ba marigayi ba ne. Ina askarsa ta kumatu?" Ashe manhajar ta ɗauki tsagar gado a kan tsagewar takarda, ta share. Hancin ma ta ɗan miƙe shi. Dattijon ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ki dawo jibi." Ya zauna kusa da yaron kwana biyu, yana nuna masa da tsinke wannan tabo ne, wannan kuwa mutum ne. Hoton da suka ba ta bai kai na farkon sheƙi ba, amma da ta gani ta rufe fuska da mayafi.

Irin wannan manhajar ba maido abin da ya ɓace take yi ba. An nuna mata fuskoki masu ɗimbin yawa, in ta ga gurbi sai ta cike shi da abin da ta saba gani. Ga tallar sabulu ko katin gayyata wannan ba laifi. Amma fuskar mutum amana ce a hannun mai hoto. Haka nan amaryar da aka yi wa bilicin a kwamfuta har dangin ango suka kasa gane ta a kalanda, da hoton fasfo da aka goge har jami'i ya ƙi karɓa. Duk sa'ad da kayan aiki suka ƙara ƙarfi, sanin inda za a tsaya ya ƙara zama wajibi, wannan kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Daga ƙarshe ga yadda dattijon ya yi da kuɗinsa. Ya biya haya, ya biya makaranta. Da abin da ya saura ya sa aka hure kwamfutar, aka ƙara mata ram, aka sa mata SSD. Ya sayi fitila guda da lemarta mai tausasa haske. Allon kirki kuwa ya bar shi sai kwasar adashi ta gaba. Yaron da farko ya ɓata rai, amma da ya ga an daina dawo musu da hotuna ya saki.

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin ba a taɓa sake kwamfuta. Akwai lokacinsa. Wanda aiki ya yi wa yawa, yana kwana kan hotunan biki ɗari biyar, janareta na shan mai, man kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, shi kam sauri riba ne gare shi, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Haka wanda ya shiga aikin bidiyo, ko mai bukatar sababbin dabarun nan na rage yashi, gama suna son na'ura mai ƙarfi. Har wa yau, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11, saboda haka mai shiga intanet da irinsu sai ya yi hattara. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, ana iya zama da fensir a lissafta su.

Abin da ya kamata mai sana'a ya yi kafin ya kwance bakin jakarsa shi ne ya tambayi kansa mene ne ainihin ciwon. In jira ne ya dame shi, ya duba ƙura da ram da ma'adana. In launi ne ke saɓawa tsakanin allo da takarda, ya duba allon. In akwai wani aiki takamaimai da manhajarsa ba ta iyawa, ya faɗi sunan aikin, sa'an nan ya nemi wadda ke yinsa. In kuwa hotunan ne ba su da rai, sai ya ɗauki kyamara ya fita tsakar gida da hantsi da la'asar, ya yi ta ɗaukar 'yan gidansu yana duba yadda inuwa ke faɗuwa. In kuma har yanzu zuciyarsa na kan sabuwar na'ura, ya sa hotonsa a aljihu ya je ya gwada a ta wani, ya buga ya kwatanta da idonsa, tun da gani ya kori ji. Masu saye da ke shigowa shago ba sa tambayar sunan kwamfuta. Takarda suke karɓa su kai bakin ƙofa, su duba ko wanda ke ciki nasu ne.